Ƙwayar Hawan Jini Da Illolinta: Darasin Da Muka Ɗauko A Manga

A cikin bazarar da ta wuce aikin duba makarantu ya kai mu ƙasar Zuru, a Jihar Kebbi, muka isa Manga da hantsi. A wata makarantar firamare ta wannan yanki akwai wani babban malami da muka sani tun zuwansa kwas a kwalejin horon malamai. Mutum ne mai kyakkyawan rubutu, wanda in ka buɗe rajistarsa ba ka samun gyara ko ɗaya. Da muka shiga sai muka tarar mataimakinsa ne ke riƙe da makaranta. Muka tambaya, aka ce ai Malam yana gida kwance, yau sati bakwai ke nan.

Muka tafi gaishe shi. Muka same shi a zaure an jingina shi da bango, hannunsa na dama yana bisa cinya kamar ba nasa ba, magana kuwa sai da ƙyar ta ke fita. Ɓarin jikinsa ne ya shanye. Bayan an gaisa sai uwargidansa ta aiko yaro da wani gwangwani don mu gani. Muka buɗe, sai ga ƙwayoyin hawan jini, yawancinsu ko ɓare su ba a yi ba. Tun bara likita ya rubuta masa su. Ya sha wata biyu, sa'an nan ya bari, bai gaya wa kowa ba.

Muka ce, "Malam, me ya raba ka da maganinka?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa jin ciwon nan a jikina ba, maganin na ji. Kafin a tashi tara sai in fita aji sau uku don fitsari, har yara suka fara ƙirgawa. In na miƙe daga kujera sai allo ya juya mini." Ya yi shiru, ya dubi ƙofa don ya tabbata yaron ya tafi, sa'an nan ya ƙara da cewa, "Akwai kuma wata magana ta tsakanina da iyali. Wadda ke ba da magani kuwa yarinya ce, na haife ta. Da wane baki zan faɗa mata?"

Tun daga ranar nan maganar Malam ba ta bar zuciyarmu ba. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, maganin yana yin haka ga waɗansu mutane. Abin da bai sani ba shi ne, kowace ɗaya daga cikin matsalolin nan uku tana da gyara mai sauƙi, da ya faɗa. Saboda haka muka ga ya kamata mu tattara wa malamai da akawuna abin da likitoci suka tabbatar game da illolin waɗannan ƙwayoyi, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

CIWO MAI SHIRU

Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi kamar yadda injin famfo ke tura ruwa cikin bututu. In aka auna mutum sai a rubuta lamba biyu: ta sama ita ce ƙarfin turawa sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki. Idan aka yi ta auna mutum a ranaku dabam dabam ana samun 140 bisa 90 ko fiye, sai a ce yana da hawan jini. Abin ban tsoro a nan shi ne yawancin masu shi ba su jin kome. Mutum yana noma, yana koyarwa, yana cin tuwonsa lafiya, alhali kuwa jinin yana ta cin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da zuciya da ƙoda da idanu a hankali, kamar gara cikin azara.

Abin ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne. A cikin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labarin cewa manya kimanin biliyan 1.3 ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su ma sani ba, kuma 4 daga cikin kowane 5 ba su samun magani yadda ya kamata. A nan Nijeriya, wani lissafi da masana suka buga a 2021 ya nuna masu ciwon sun tashi daga kimanin miliyan 4 a 1995 zuwa fiye da miliyan 27 a 2020, watau kusan babba 1 cikin 3. A cikinsu kashi 12 cikin 100 kaɗai ke shan magani, waɗanda jininsu ya sauka daidai kuwa ba su kai kashi 3 ba.

To, ga inda rikicin ya ke. Ciwon ba ya magana, maganin kuwa yana magana. Mutum ya je asibiti da ƙafarsa lafiya lau, aka ba shi ƙwaya, bayan kwana uku sai ga jiri, ga kasala. In ya yi hukunci da abin da jikinsa ya gaya masa, lalle ƙwayar zai ɗora wa laifi. Ba wauta ba ce, rashin bayani ne.

KAFIN A SAMI MAGANI

Don mu san darajar abin da ke cikin gwangwanin nan, ya kamata mu waiwaya baya kaɗan. Ran 12 ga Afrilu, 1945, Shugaban Amurka, Franklin Roosevelt, ya rasu yana da shekara 63, jijiya ta fashe masa a ƙwaƙwalwa. An auna jininsa a ranar aka sami kamar 300 bisa 190. Mutumin da ya fi kowa iko a ƙasarsa ke nan, da manyan likitoci kewaye da shi, amma ba wanda ke da ƙwayar da za ta saukar masa da jini, don a lokacin babu ita.

Magungunan farko da suka fito bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu tsanani ne ƙwarai. Waɗansu sukan kashe aikin jijiyoyi har mutum ya suma in ya miƙe tsaye, cikinsa ya ɗaure, ganinsa ya dushe. A 1952 masana a birnin Basel na ƙasar Suwizalan suka tace wani magani, resafin, daga saiwar wani tsiro da mutanen Indiya suka daɗe suna amfani da shi, wanda ɗan'uwansa ke tsirowa a kurmin Afirka ta Yamma. Ya saukar da jini, amma yakan toshe hanci, ya sa barci, ya jefa waɗansu cikin baƙin ciki. Ƙwayar fitsari ta fito kasuwa a 1958. James Black na Birtaniya ya fito da mai rage gudun zuciya a cikin shekarun 1960, aka ba shi lambar Nobel a 1988. A 1981 aka sami kaftofiril, wanda asalin iliminsa daga dafin wani maciji ne na ƙasar Birazil. Amlodifin ya zo wajen 1990, losatan kuma a 1995. Kowane sabo da ya zo yakan fi na baya sauƙi a jiki. Da yawa daga cikin labaran tsoro da tsofaffi ke bayarwa game da maganin hawan jini, na ƙwayoyin da ne, waɗanda yanzu aka rage amfani da su.

Amfanin maganin kuwa an gwada shi an gani. Mutanen Zuru, da ya ke gidan soja ne, za su so jin wannan: a 1967 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka da tsofaffin sojoji 143 masu hawan jini mai tsanani. Aka ba rabinsu magani na gaske, rabi kuma ƙwayar da babu kome a cikinta. A cikin waɗanda ba su sami magani ba mutum 27 suka gamu da babbar masifa, a cikin masu magani kuwa mutum 2. Tilas aka tsai da gwajin, don ba shi yiwuwa a ci gaba da hana rabin mutanen magani. Wani babban lissafi na 2016 kuma ya nuna in lambar sama ta sauka da 10, haɗarin shanyewar ɓarin jiki yakan ragu da fiye da kashi 1 cikin 4.

DANGOGIN ƘWAYOYI DA HALIN KOWANE

Ƙwayoyin hawan jini ba iri ɗaya ba ne. Dangi dangi ne, kowane da hanyar aikinsa, kowane kuma da irin illarsa. Mai karatu yana iya gane dangin ƙwayarsa daga haruffan ƙarshe na sunan da ke jikin kwali.

Na farko su ne masu sa fitsari, irin su Moduretic da Lasix. Aikinsu fitar da gishiri da ruwa ta ƙoda. Su ne suka riƙa fitar da Malam daga aji. Yawan fitsarin yakan yi sauƙi bayan 'yan makonni ga masu shan mai sauƙin cikinsu, kuma da safe a ke shansu don kada su hana barci. Sukan kawo jiri, da ƙishirwa, da ɗaurewar tsokar ƙafa. Sukan ɗan ɗaga sukari, ga waɗansu kuma su ta da ciwon gaɓa mai zafi wanda ya fi kama babban yatsan ƙafa. Saboda suna taɓa gishirin jiki, likita kan so a auna jinin mai shansu lokaci lokaci.

Na biyu su ne masu buɗe jijiya, waɗanda sunansu ke ƙarewa da haruffan "dipine", kamar amlodifin da nifedifin. Sanannar illarsu kumburin ƙafa wajen idon sawu, musamman da yamma, har takalmi ya ƙi shiga. Mun ji waɗanda suka ce sammu suka taka, waɗansu suka ce ƙoda ce ta lalace. Sau da yawa ƙwayar ce kawai, kuma kumburin ya fi zuwa ga mai shan miligiram 10 bisa ga mai shan 5. Amma likita ne zai raba tsakanin wannan da kumburin ciwon zuciya ko na ƙoda, saboda haka a nuna masa. Sukan kuma kawo ciwon kai da zafin fuska a farkon sha, ga waɗansu har dasashi ya yi kauri.

Na uku su ne masu ƙarewa da "pril", kamar lisinofiril. Kusan mutum 1 cikin 10 yakan sami busasshen tari mai ƙaiƙayi a maƙogwaro, babu majina, ya fi damu da dare. Mutum sai ya yi ta sayen maganin tari a banza, 'yan'uwa kuma su fara raɗe raɗin tarin fuka. In likita ya canja ƙwayar, tarin yakan tafi cikin 'yan makonni. Akwai wata illa tasu wadda ba ta da yawa amma tana da haɗari, watau kumburin leɓe da harshe da maƙogwaro farat ɗaya. An tabbatar ta fi samun baƙar fata, wajen ninki uku bisa ga Turawa. Wanda ya ga haka kada ya ƙara haɗiye ko ɗaya, a kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Na huɗu su ne masu ƙarewa da "sartan", kamar losatan. Aikinsu kusan ɗaya ne da na uku, amma ba su cika sa tari ba, shi ya sa a kan mai da mai tari gare su. Wannan dangi da na uku duka haramun ne ga mace mai ciki, don suna lalata ƙodar jariri. Macen da ke shansu, in tana neman haihuwa ko ta ga ɓatan wata, ta je a canja mata tun da wuri. Akwai waɗanda a ke ba masu ciki lafiya lau.

Na biyar su ne masu ƙarewa da "olol", kamar atenolol, masu rage gudun zuciya. Sukan kawo kasala, da sanyin hannu da ƙafa, da munanan mafarkai. Suna iya ta da asma ga mai ita, kuma suna ɓoye alamar faɗuwar sukari ga mai ciwon sukari. Babban gargaɗi game da su shi ne ba a barinsu rana ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha ya yanke farat ɗaya, zuciyarsa na iya zabura, jini ya yi sama fiye da da.

Na shida shi ne Aldomet, tsohon magani tun wajen 1960, wanda har yanzu a ke ba masu ciki. Yakan sa gyangyaɗi, da bushewar baki, da mutuwar jiki. Akawun da ke barci bisa fayil da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, wataƙila ba lalaci ba ne.

Jiri kuwa kusan na kowane dangi ne, musamman a satin farko. Jikin da ya saba da 180 in aka sauko da shi 135 sai ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya saba. Dabara ita ce in za a tashi daga kwance a fara zama bakin gado kaɗan, sa'an nan a miƙe.

MAGANAR DA KUNYA KE ƁOYEWA

Yanzu sai mu zo ga maganar da Malam ya jira yaro ya fita kafin ya faɗa. Gaskiya ne waɗansu ƙwayoyi, musamman masu sa fitsari, da masu rage gudun zuciya, da Aldomet, suna iya rage wa namiji ƙarfi wajen iyalinsa. Gaskiya ne kuma amlodifin da dangin losatan ba su cika yin haka ba. Amma akwai abu biyu da ya kamata magidanci ya sani. Na ɗaya, hawan jinin kansa yana kawo wannan rauni, domin jijiyoyin da ya ke lalatawa har da na can. Wanda ya bar magani don ya tsira da ƙarfinsa, ya guji gara ya faɗa gidan zago.

Na biyu, tsoro ma yana da nasa aiki. A 2003 likitoci a Italiya suka buga wani gwaji da suka yi da maza 96, duka aka ba su atenolol. Kashi na farko ba a gaya musu sunan maganin ba, a cikinsu kimanin 3 cikin 100 suka yi kukan rauni. Kashi na biyu an gaya musu sunansa, sai aka sami wajen 16 cikin 100. Kashi na uku an gaya musu sunan da kuma cewa yana iya rage ƙarfi, sai abin ya kai 31 cikin 100. Ƙwaya ɗaya ce, abin da kunne ya ji ne ya bambanta. Saboda haka hirar majalisa da ta tashar mota, inda kowa ke cewa maganin hawan jini yana kashe namiji, ita kanta tana ƙara cutar.

Wanda abin ya same shi ya nemi ganin likita shi kaɗai, ko ya roƙi a haɗa shi da namiji ɗan'uwansa. Wannan haƙƙinsa ne. Kada kuma ya nufi masu tallar maganin ƙarfin maza a kasuwa, don ba a san abin da aka zuba a ciki ba, waɗansunsu kuwa in suka haɗu da maganin zuciya sai jini ya faɗi ƙasa warwas.

ABUBUWANMU NA GIDA

Ƙwayoyin nan a ƙasashen sanyi aka fara gwada yawancinsu, mu kuwa muna shansu cikin zafin Maris da Afrilu. Manomin da ya sha ƙwayar fitsari ya wuni yana sharar gona yana zufa, ruwan jikinsa ta hanya biyu ya ke fita, sai jiri ya kayar da shi. Haka mai azumi. Ya kamata tun kafin watan ya kama ya je likita ya shirya masa lokacin sha, domin yawancin ƙwayoyin yanzu sau ɗaya a ke shansu a yini, ana iya mai da su bayan buɗa baki ko lokacin sahur. Wanda kuma gudawa da amai suka kama yana kan ƙwayar fitsari ko dangin lisinofiril da losatan, ya nemi shawarar asibiti a ranar, don ƙoda na iya wahala in jiki ya bushe.

Sai maganin ciwon jiki, irin su dikulofenak da ibufurofen, waɗanda a ke saye a kemis kamar gyaɗa bayan an dawo daga gona. Waɗannan suna ɗaga jini, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, in kuwa suka haɗu da ƙwayar fitsari da lisinofiril sukan yi wa ƙoda lahani. Farasitamol ya fi su sauƙi ga mai hawan jini.

Gishiri kuwa abokin gāba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A cikin lissafin nan har da dunƙulen miya, da kanwa, domin sinadarin da ke ta da jini a cikin gishiri yana nan cikin kanwa. Wanda ya rage gishiri sau da yawa ƙaramar ƙwaya ta ishe shi, ƙaramar ƙwaya kuwa illarta kaɗan ce. Giya da burkutu suna ɗaga jini, suna ƙara jirin magani. Zoɓo yana ɗan saukar da jini, gaskiya ne, amma bai isa ya tsaya a madadin ƙwaya ba. Mai shansa kullum ya gaya wa likita. Kada kuma wanda ya tsallake kwana biyu ya haɗiye uku a lokaci ɗaya wai yana ramuwa.

GYARA YANA NAN

Likita yana da hanyoyi da dama. Yana iya rage nauyin ƙwaya, ko ya canja lokacin sha, ko ya mai da mutum wani dangi. Wani bincike da aka buga a Ingila a 2003 ya nuna rabin ƙwaya yana ba da kusan kashi 4 cikin 5 na amfanin cikakkiya, illar kuwa ga dangogi da yawa takan ragu ƙwarai. Shi ya sa yanzu a ka fi son haɗa ƙananan ƙwayoyi biyu bisa ga babba guda ɗaya.

Abin farin ciki kuma, an fara yin gwajin a kanmu mu kanmu. A 2019 aka buga sakamakon wani gwaji da Dokta Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya shugabanta, da baƙar fata 728 a ƙasashe 6 na Afirka, har da Nijeriya. Aka ga haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi saukar da jinin mutanenmu bisa ga haɗin da babu shi. Watau da Malam ya koma ya yi bayani, akwai ƙwayar da ba ta sa fitsari, ba ta cika taɓa ƙarfin namiji ba, kuma an gwada ta ga irinmu an ga amfaninta.

Sai a riƙe bambancin abin da ke jira da wanda ba ya jira. Tari, da kumburin ƙafa, da kasala, da yawan fitsari, da rauni wajen iyali, duk waɗannan a ci gaba da shan magani, a je asibiti cikin satin. Amma kumburin leɓe ko harshe, da suma, da ciwon ƙirji, da sarƙewar numfashi, da idanu su koma ruwan ɗorawa, da karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko harɗewar harshe, waɗannan ba su kwana. A nemi mota zuwa babban asibitin Zuru ko wanda ya fi kusa.

AIKIN MASU ILIMI

Tun zamanin En'e, malamin makaranta da akawu su ne idon ƙauye. Su ke karanta wa mutane wasiƙa, su ke rubuta musu amsa. En'e ta wuce, ƙananan hukumomi sun maye gurbinta tun 1976, amma wannan nauyi bai sauka daga kanmu ba. Saboda haka ga abin da mu ke roƙo.

Kowane mai shan ƙwayar nan ya sami ɗan littafi, ya ja masa layi kamar rajista: kwanan wata, awon jini, sunan ƙwaya da miligiram ɗinta, lokacin sha, da abin da ya ji a jikinsa. Ran zuwa asibiti ya tafi da littafin da kwalayen duka. Akawu ba ya fid da kuɗi sai da takarda, to don me zai bar lissafin ransa a ka? Ya yi wa iyayensa da maƙwabtansa haka nan. Tsohuwar da Dakarci kaɗai ta ke ji sosai, a raka ta, a fassara mata, a tambayi likita a gabanta wace illa ce za a sa ido a kanta. Kada wani ya ba wani ƙwayarsa don ciwonsu suna ɗaya. Kada kuma mai kemis ya canja abin da likita ya rubuta. Mu tuna maganin nan ba irin na zazzaɓi ba ne da a kan sha kwana uku a bari. In awo ya yi kyau, alama ce ƙwayar tana aiki, sai a ci gaba.

Ga ma'aikatan asibiti kuma muna da roƙo ɗaya. Dattijon ƙasar nan ba zai fara irin wannan magana da bakinsa ba. Ku ku fara tambayarsa, a keɓe, da ladabi, kuma tun ranar da kuka miƙa masa ƙwayar farko ku ce masa in ta dame shi ya dawo, akwai wata.

Da za mu tashi daga zauren nan, Malam ya jawo wani allon yara da ke gefensa ya nuna mana. Yana koyon rubutu da hannun hagu, baƙaƙen suna karkace kamar na ɗan aji ɗaya. An sa shi kan wata ƙwaya dabam, ya ce wannan ba ta dame shi da kome ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in kun koma ku gaya wa 'yan'uwana malamai, tafiyar da na ƙi yi zuwa asibiti ba ta kai awa ɗaya ba." Mun yi masa alkawari, ga shi mun cika. Allah ya ba shi lafiya, ya sa mu kuma kunnenmu ya ji, jikinmu ya tsira.